Daular Ilkhan: gidan da ya rusa Bagadaza, ya musulunta, ya watse cikin shekara 80

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ana karatun tarihin Musulunci ya ji sunan Hulaku da ƴan Tattar, ya kuma ji yadda Bagadaza ta faɗi a hannunsu a shekara ta 656 bayan hijira, wato 1258. Galibi a nan labarin ke tsayawa. Amma Hulaku bai koma gida ba bayan ɓarnar. Ya zauna, ya kafa daular da masu tarihi ke kira daular Ilkhan, wadda ta haɗa Iran da Iraƙi da Azarbaijan da Armeniya da Jojiya da babban ɓangare na Turkiyya ta yau. Sarakuna tara suka yi mulki daga cikin gidansa. Shekara 37 bayan kashe halifa, tattaɓa-kunnensa ya yi kalmar shahada tare da sojojinsa. Shekara 40 bayan wannan kuma, daular ta watse ba tare da wani maƙiyi ya ci ta da yaƙi ba.

Tarihin wannan gida yana nuna abubuwa uku da takobi bai iya saya wa mai mulki: amincewar kasuwa, zaman manomi a gonarsa, da tsarin gadon sarauta. Ƴan Ilkhan sun koyi biyun farko da ƙyar. Na ukun ne ya kashe su.

Daga ina suka fito?

Jankiz Khan, wanda ya haɗa kan ƙabilun Mongol makiyaya, ya mutu a 1227. A 1251 jikansa Mongke ya zama babban sarki, ya aiki ƙannensa biyu su faɗaɗa daula: Kubilai ya nufi ƙasar Sin, Hulaku ya nufi yamma. A farkon 1256 Hulaku ya ƙetare kogin Jaihun, wanda yau ake kira Amu Darya. Kafin ƙarshen shekarar ya karɓe Alamut, sansanin Isma'iliyya da ke kan duwatsu a arewacin Iran.

Daga nan sai Bagadaza. Abbasiyawa sun riƙe halifanci tun shekarar 750, amma a zamanin halifa Musta'asim ikonsu bai wuce Iraƙi ba. An yi wa birnin ƙawanya a ƙarshen Janairun 1258, ya miƙa wuya ranar 10 ga Fabrairu. Aka kwashe kwanaki ana kisa da ganima da ƙone-ƙone. Marubutan da suka biyo baya sun ambaci dubban ɗaruruwan gawawwaki. Shi kuwa halifa, riwayar da ta fi yaɗuwa ta ce an naɗe shi cikin darduma dawaki suka tattake shi, saboda Mongol na camfa zubar da jinin sarki a ƙasa.

A farkon 1260 Halab da Dimashƙu suka faɗi. Masar ce ta rage. Sai dai labarin mutuwar Mongke, wanda ya rasu a 1259, ya sa Hulaku ya ja da baya da mafi yawan rundunarsa, ya bar kwamandansa Kitbuga a Sham. Ranar 3 ga Satumba 1260, cikin watan azumi, Mamalik na Masar ƙarƙashin Ƙutuz da Baibars suka murƙushe wannan runduna a Ainu Jalut, cikin Falasɗinu. Mamalik sojoji ne da aka sayo suna yara a matsayin bayi, aka horar da su, har suka karɓe sarautar Masar. Tun daga ranar kogin Furatu ya zama iyaka tsakanin daulolin biyu. A 1261 Baibars ya naɗa wani daga cikin Abbasiyawa halifa a Alƙahira.

A wannan lokaci ne babbar daular Mongol ta rabu huɗu: gidan Kubilai a Sin, gidan Cagatai a tsakiyar Asiya, gidan Joci a filayen kudancin Rasha ta yau, wanda littattafan Faransanci ke kira Horde d'Or, sai gidan Hulaku a Iran. Laƙabin Ilkhan, kamar yadda aka fi fassara shi, yana nufin sarkin da ke ƙarƙashin babban sarki, domin Hulaku ya yi mubaya'a ga yayansa Kubilai.

Rikicin cikin gida bai jira ba. Barka Khan, shugaban gidan Joci kuma ɗan baffan Hulaku, Musulmi ne, ya kuma nuna fushinsa kan kisan halifa. Ban da addini akwai batun makiyayar Azarbaijan, wadda kowanne ke cewa tasa ce. Suka gwabza a bakin kogin Terek a farkon 1263, Hulaku ya sha kashi. Barka ya ƙulla ƙawance da Baibars. Haka gidan Ilkhan ya soma rayuwa da maƙiyi a kudu maso yamma, da maƙiyi a arewa, da wani a gabas.

Sarakunan farko da neman Turawa

Hulaku ba Musulmi ba ne. Ya fi karkata ga addinin Buda, uwarsa da uwargidansa Dokuz Khatun kuma Kiristoci ne. Duk da haka ya san darajar masu ilimi. A 1259 ya sa aka soma gina wa malami Nasiruddin Ɗusi cibiyar nazarin taurari a Maraga, babban birninsa, wadda ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a wancan zamani. Aikin ofis da lissafin baitulmali kuwa ya bar su a hannun Farisawa, musamman gidan Juwaini: Shamsuddin ya zama waziri, ɗan'uwansa Aɗa Malik ya zama gwamnan Bagadaza.

Hulaku ya mutu a 1265, ɗansa Abaka ya gaje shi har zuwa 1282, ya mai da fada Tabriz. Ya auri ƴar sarkin Rumawa na Konstantiniyya, ya kuma aika wakilai taron manyan limaman Katolika da aka yi a birnin Lyon a 1274. Buƙatarsa ɗaya ce: Turawa su faɗo wa Mamalik daga teku, shi kuma ya faɗo musu daga gabas. Ba su zo ba, kuma a 1281 Mamalik suka sake cin rundunarsa kusa da Hims.

Ƙanensa Tagudar, wanda ya musulunta ya ɗauki sunan Ahmad, ya hau a 1282 ya nemi sulhu da Masar. Manyan kwamandoji ba su yarda da shi ba. A 1284 Argun ɗan Abaka ya kifar da shi, aka kashe shi, aka kashe waziri Shamsuddin Juwaini.

Argun ya ci gaba da neman Turawa. A 1287 ya aiki wani malamin Kirista mai suna Rabban Sauma, haifaffen yankin Beijin na yau, wanda ya gana da sarkin Faransa Philippe le Bel a Paris, da sarkin Ingila Edward na ɗaya a Bordeaux, sannan da Fafaroma a Roma. Wasiƙar da Argun ya aika wa sarkin Faransa a 1289, da rubutun Mongol, tana nan har yau a gidan ajiyar takardun tarihi na Faransa. A cikinta ya yi alkawarin ba shi birnin Ƙudus idan suka ci Masar tare. Wannan ma bai haifar da komai ba. Argun ya mutu a 1291 bayan ya daɗe yana shan wani haɗin farar wuta da zaiba da aka ce masa yana ƙara tsawon rai.

Shekarar da kasuwar Tabriz ta watse

Gaikatu, ƙanen Argun, ya hau mulki a 1291. Mutum ne mai kyauta ba lissafi, ga kuma annobar dabbobi da ta cinye garken Mongol. Baitulmali ya wayi gari wayam. Wazirinsa Sadruddin Zanjani ya kawo shawarar a kwaikwayi Sin, inda Kubilai ke amfani da kuɗin takarda da ake kira cawo.

A watan Satumba 1294 aka fitar da takardun a Tabriz. An buga su da kalmar shahada a jiki, har da wasu haruffan Sin. Aka yi shela cewa kowa ya kawo zinariyarsa da azurfarsa ya karɓi takarda, wanda ya ƙi kuma hukuncinsa kisa.

Mai karatu da ke da takardar jika a aljihu ya san abin da ke ba ta daraja: tabbacin cewa mai hatsi zai karɓe ta gobe kamar yadda ya karɓa yau. Mutanen Tabriz ba su da wannan tabbaci, domin sun san sarkinsu ya buga takardar ne don ba shi da komai. Ƴan kasuwa suka rufe shaguna, suka ɓoye kaya. Abinci ya ɓace, ayarin fatake ya daina shigowa, mutane suka soma barin gari, tarzoma ta tashi. Cikin wata biyu aka janye takardun. A 1295 kwamandoji suka juya wa Gaikatu baya, aka shaƙe shi. Baidu da ya gaje shi watanni kawai ya yi, shi ma aka kashe shi.

Gazan: musulunta da gyaran haraji

Wanda ya kawar da Baidu shi ne Gazan ɗan Argun, gwamnan Kurasan. An rene shi cikin addinin Buda. A watan Yuni 1295, yana kan hanyar neman sarauta, ya musulunta a hannun Shehu Sadruddin Ibrahim Hammuya, bisa shawarar kwamanda Nauruz, ya ɗauki sunan Mahmud. A lokacin sojojin Mongol da yawa sun riga sun shiga Musulunci ta hanyar shehunnan sufaye da auratayya da Turkawa, saboda haka matakin ya jawo masa goyon baya. Da ya hau gado, aka rushe wuraren bautar Buda, coci-coci da majami'un Yahudawa ma suka sha ɓarna a watannin farko. Ya cire sunan babban sarkin Sin daga jikin kuɗinsa. Nauruz kuwa, wanda ya ɗora shi, an kashe shi a 1297.

Musuluntar ba ta kawo ƙarshen yaƙi da Masar ba. A Disamba 1299 Gazan ya ci Mamalik kusa da Hims, sojojinsa suka shiga Dimashƙu. Ibn Taimiyya na cikin tawagar malaman birnin da suka je suka gana da shi suna neman aminci ga jama'a. Daga baya ya ba da fatawar halascin yaƙar su, yana kafa hujja da cewa har lokacin suna hukunci da Yasa, dokokin gargajiya na Jankiz Khan. A 1303, a Shaƙhab kudu da Dimashƙu, Mamalik suka yi galaba, kuma Mongol ba su sake riƙe Sham ba.

Babban aikin Gazan a cikin gida ya yi shi. Wazirinsa Rashiduddin ya bayyana halin da suka tarar da ƙasa. Ana karɓar haraji, lanho ke nan a bakinmu, sau goma ko fiye a shekara guda. Idan gwamnati ta ci bashi, sai ta ba mai bin ta takardar umarni ya je wani ƙauye ya karɓa da kansa, wani lokaci takardu da yawa kan ƙauye guda. Manzannin sarki da na kwamandoji na sauka a gidajen mutane, su ci, su ƙwace dabbobin hawa. Manoma suna hango masu karɓar haraji sai su gudu, gonaki suka koma saura.

Rashiduddin ya ce Gazan ya tara kwamandojinsa ya nuna musu cewa maganar ba ta tausayi ba ce kaɗai: idan suka ƙwace shanun noma da irin shuka, su da kansu ba za su sami abin ci baɗi ba. Aka ƙididdige gonaki, aka yanka wa kowane ƙauye abin da zai biya da lokacin biya, aka rubuta a allo ko a bango inda kowa zai gani. Aka hana ba da takardun umarnin biya kan ƙauyuka. Aka tsara zangon manzanni da dawakin gwamnati. Aka daidaita nauyin kuɗi da ma'auni da mudu. Wanda ya raya gonar da aka yasar aka sassauta masa haraji. Sojoji aka yanka musu ƙasa su ci amfaninta maimakon su bi ƙauyuka da ƙwace. Hamdullahi Mustaufi, ma'aikacin baitulmali da ya yi rubutu bayan haka, ya ce kuɗin shiga na shekara ya tashi daga dinari miliyan 17 zuwa miliyan 21. Ya kamata a tuna cewa mai ba da labarin gyaran shi ne wazirin da ya tsara shi, kuma wasu tsofaffin halaye sun dawo bayan Gazan. Ya rasu a 1304 yana da shekara 32, bai bar ɗa namiji ba.

Oljaitu da likitan da ya rubuta tarihin duniya

Ƙanensa Oljaitu ya gaje shi. Rayuwar wannan sarki ita kanta hoton daular ce: an yi masa baftisma yana yaro da sunan Nikola, ya bi addinin Buda, ya musulunta ya zama Muhammad Khudabanda a kan tafarkin Sunna, sannan wajen 1310 ya koma Shi'a. Ya gina sabon babban birni, Sulɗaniyya. Ƙubbar kabarinsa mai tsayin kusan mita 50 tana tsaye har yau, kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2005.

A zamaninsa ne Rashiduddin ya kammala Jami'ut Tawarikh. Wannan waziri likita ne daga Hamadan, Bayahude ne da ya musulunta. Gazan ya sa shi rubuta tarihin Mongol, Oljaitu ya ce ya ƙara da na sauran al'ummai. Ya nemi taimakon masana daga Sin da Kashmir da wasu wurare, ya rubuta tarihin Larabawa da Farisawa da Turkawa da Sinawa da Indiyawa da Yahudawa da Turawa. Ya gina unguwa guda a Tabriz mai makaranta da asibiti da ɗakin kwafar littattafai. Wani ɓangare na kwafin Larabci mai zane-zane yana jami'ar Edinburgh a yau.

Duk wannan bai cece shi ba. Bayan rasuwar Oljaitu a 1316, abokan hamayya suka zarge shi da sa wa sarki guba, aka kashe shi a 1318 yana da kimanin shekara 70. A wannan daula kujerar waziri hanyar kabari ce: masu tarihi sun lura cewa Tajuddin Ali Shah, wanda ya rasu a 1324, shi ne ya fita daban da ya mutu a kan gadonsa.

Abu Sa'id: sulhu, sannan rugujewa

Abu Sa'id ɗan Oljaitu ya hau yana da kimanin shekara 12, ikon gaske kuma yana hannun kwamanda Cuban. A zamaninsa fada ta dawo kan Sunna, kuma a 1323 aka ƙulla sulhu da sarkin Masar Nasir Muhammad, bayan fiye da shekara 60 ana gaba. Fatake da mahajjatan Iraƙi suka sami hanya. Wannan Nasir Muhammad shi ne ya karɓi baƙuncin Mansa Musa na Mali a Alƙahira a 1324.

Matsala ta taso daga cikin fada. Abu Sa'id ya ga Bagdad Khatun, ƴar Cuban, wadda ke auren wani babban kwamanda, Hasan na ƙabilar Jalayir, ya ce sai ita. Cuban ya yi ta jan ƙafa. Wannan ya haɗu da gajiyar da sarki ya yi da zama ƙarƙashin inuwar gidan Cuban. A 1327 aka kashe Cuban da ɗansa Dimashƙ Khwaja, Hasan ya saki matarsa, sarki ya aure ta.

Ranar 30 ga Nuwamba 1335, yana kan hanyar tarar rundunar Uzbak Khan na gidan Joci, Abu Sa'id ya rasu yana da shekara 30. Bai bar ɗa namiji ba. A al'adar Mongol duk namijin da ya fito daga zuriyar sarki na iya neman gado, wanda kwamandoji suka mara wa baya shi ke ci. Saboda haka kusan duk wanda ya hau sai ya rage ƴan'uwansa, kuma Gazan ya yi fice a nan. Ga shan giya da ya yi wa gidan illa: cikin sarakunan tara babu wanda ya kai shekara 50, uku kuma kashe su aka yi. Da aka zo neman magaji a 1335, gidan Hulaku ya kusa ƙarewa.

Aka ɗauko Arpa, daga zuriyar wani ƙanen Hulaku. Ya sa aka kashe Bagdad Khatun bisa zargin guba, shi ma aka kashe shi a 1336. Sai bango ya tsage, in ji Hausawa, ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane kwamanda ya nemo wani daga jinin Jankiz Khan ya naɗa da sunan sarki, yana mulki a bayansa. Har Sati Beg, ƴar'uwar Abu Sa'id, an ɗora ta na ɗan lokaci, aka buga kuɗi da sunanta. Hasan, wanda aka raba da matarsa, ya kafa gidan Jalayir a Bagadaza. Jikokin Cuban suka riƙe Tabriz. Shiraz da Yazd da Herat kowanne ya sami nasa mai gida. Annobar da ta ratsa duniya wajen 1347 ta ƙara dagula al'amura, kuma daga shekarun 1380 Taimur Lang ya bi waɗannan ƙananan dauloli ɗaya bayan ɗaya.

Abin da suka bari

Ɓarnar 1258 ba ta gyaru ba: Bagadaza ta koma birnin lardi, cibiyar karatun Larabci ta koma Alƙahira da Dimashƙu. Amma a ƙarƙashin gidan Ilkhan ne sunan Iran ya dawo a matsayin sunan ƙasa mai iyaka da sarki guda, Farisanci ya zama harshen rubuta tarihi da aikin gwamnati, Tabriz ta zama mahaɗar fatake daga Sin zuwa Venise, salon zanen Sin kuma ya shiga littattafan Farisa.

Akwai mutum ɗaya da ya ga wannan daula da idonsa ya kuma taka ƙasarmu. Ibn Batuta, matafiyin nan na Tanja, ya ga Abu Sa'id a Bagadaza a 1327, ya bi ayarin fadarsa na kwanaki, ya ziyarci Tabriz. A 1353, yana dawowa daga Mali, ya sauka Takadda, garin jan ƙarfe da masana ke dangantawa da kufan Azelik a yankin Ingal, ya kuma ambaci cewa ana kai jan ƙarfen wata ƙasa da da yawa ke ganin Gobir ce. A ƙarshen wannan shekara ta 1353 ne aka kashe Toga Timur, na ƙarshe cikin manyan masu da'awar sarautar Ilkhan, a sansaninsa da ke arewa maso gabashin Iran, a hannun ƴan tawayen Sarbadar na garin Sabzawar.